Shawarwarin masu sababbin motocin jif kan inji da giya

Yawancin masu sababbin motocin jif da suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa giya ta fi inji jawo ƙorafi. Masu giyar CVT (giya mai canza kanta wadda ba ta da ƙayyadaddun matakai) sun ce takan ɗauki zafi idan ana jan kaya mai nauyi, masu giya mai kuloci biyu kuwa sun koka da fizga a cunkoso, wadda sau da yawa sabunta manhajar motar kan rage ta. Game da injin turbo (mai na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), sun ba da shawarar canza baƙin mai kan lokaci da adana takardun sabis, domin kamfani na iya ƙin gyara a ƙarƙashin garanti idan babu su. Wasu kuma, da gaskiyarsu, sun ce a guji sabon samfuri a shekararsa ta farko.