Waɗanda suka taɓa halartar Mas ɗin Latin a wajen mabiya Lefebvre da ire-irensu, me kuka gani?

'Yar Zonkwa: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ƙanena yana karatu a Inugu, ya daina zuwa cocinmu na Katolika da muka sani, sai wajen Fadocin ƙungiyar SSPX, wato mabiya Akbishop Lefebvre masu riƙe da tsohon tsarin Mas na Latin. Yanzu ko ya zo gida hutu ba ya bin mu Mas ɗin Hausa. Mama ta damu ƙwarai. Ba jita-jita nake nema ba, wanda ya je da ƙafarsa shi nake roƙo ya faɗa mana.

Ɗan Maraɗi: 'Yar'uwa, na je nasu a Paris, cocin Saint-Nicolas-du-Chardonnet, wanda ke hannun masu tsohon tsari tun 1977. Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Fada yana fuskantar bagade, mu muna bayansa. Da aka zo tsarkake gurasa muryarsa ta ɗauke gaba ɗaya, sai ƙarar ƙararrawa da hayaƙin turare. Mata da yawa da mayafi a kai. Wajen karɓar Jikin Kristi kowa ya durƙusa a jere, a harshe ake sa wa mutum, ba a tafin hannu ba. Wa'azi kuwa da Faransanci aka yi. Gaskiya na yi addu'a sosai a ranar, ba zan ɓoye ba.

Tsohon Katikis: 'Yata, wannan Mas ɗin da shi muka tashi. Ina yaro ina yi wa Fadocin mishan na SMA hidima a bagade, na haddace amsoshin Latin tun ban san ma'anarsu ba. Fada ya ce "Dominus vobiscum", wato "Ubangiji ya kasance tare da ku", ni kaɗai nake amsawa a madadin jama'a, iyayenmu na baya suna jan rosari. Bayan babban taron bishof-bishof na Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, sabon tsari ya fito a zamanin Paparoma Paul na shida. Ranar da na fara jin tsofaffin ƙauyenmu sun buɗe baki suna cewa "Ubangiji ka yi mana jinƙai" da harshen da suke ji, sai da na share hawaye. Ina ƙaunar Latin har gobe, waƙoƙin Gloria da Credo suna bakina, kuma ai muna rera su a cocinmu wasu Lahadin. Don haka rigimar ba ta harshe ba ce. Akbishop Marcel Lefebvre, wanda ya daɗe yana aiki a Gabon da Dakar, ya kafa ƙungiyarsa ta SSPX a Switzerland a 1970 saboda bai yarda da wasu koyarwar taron ba, musamman 'yancin addini da kusantar sauran ikilisiyoyi. A ranar 30 ga Yuni 1988 ya naɗa bishof huɗu ba da izinin Paparoma John Paul na biyu ba. Nan igiya ta tsinke. Ki tambayi ƙanenki: Latin ɗin yake so, ko kuwa an koya masa cewa Mas ɗin uwarsa ba shi da kyau? Amsar da zai ba ki ita ce za ta nuna inda aka kwana.

Maman Biyu: Baba, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni a Amurka wata abokiyar aikina ta kai ni wani ƙaramin coci, ba na SSPX ba. Komai tsaf, waƙoƙin ba a magana. Sai bayan an tashi na ji cewa Fadansu ba ya ambaton sunan Paparoma a addu'ar tsarkakewa, wai kujerar Bitrus, wato ta Paparoma, ba kowa a kanta tun rasuwar Pius na 12 a 1958. Tun da a asirce ake karanta wannan addu'ar, baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Aka kuma ce kada in karɓi Jikin Kristi muddin ina zuwa sabon Mas. Ni da aka yi mini baftisma tun ina jaririya! Abin ya yi mini ciwo, ban sake komawa ba.

Ɗan Maraɗi: Mama, su waɗannan daban ne. 'Yan SSPX suna ambaton Paparoma, kuma Paparoma Francis ya amince a riƙa furta zunubi a wajen Fadocinsu. Sai dai har yanzu ba su da matsayin doka a cikin Ikilisiya.

Malamar Firamare: Yaya, idan tsohon tsarin ne ya shiga ran ƙanenki, akwai hanya ba tare da ya rabu da bishof ba. Na je Umuaka a jihar Imo, wajen Fadocin FSSP, wata ƙungiyar masu tsohon tsari da suka zaɓi zama tare da Roma a 1988. Littafin Mas ɗin 1962 suke bi, duk abin da Ɗan Maraɗi ya kwatanta na gani a can, kuma da yardar bishof na Orlu suke aiki. Daga Inugu ba wata doguwar tafiya ba ce. Ku sa ya gwada zuwa Lahadi ɗaya, in da hali ma ki raka shi.