Hana fassarar na'ura: kariya ce ko tauye mu ake yi?

Rabi: Salamu alaikum. Na gama labarina na masu haƙar rijiyar Tawa da aka kai duniyar wata neman ruwa. Na so in aika wa mujallar Clarkesworld ta Amurka, sai na tarar ba sa karɓar labarin da na'ura irin ChatGPT ta rubuta, ko ta taimaka, ko da fassara kaɗai ta yi. Wallahi wannan doka zalunci ce gare mu.

Mushe Idi: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ba haka kawai suka tashi ba. A watan Fabrairun 2023 editan, Neil Clarke, ya rufe karɓar labarai ɗungurungum, don a cikin watan an turo masa sama da 500 da na'ura ta rubuta. Lokacin suna biyan santi 12 na dalar Amurka kowace kalma, labari mai kalma 3,000 ya kai dala 360. Masu neman kuɗin banza suka yi caa. Mutum nawa za su karance wannan tarin?

Rabi: Mushe, na ji. Amma su zamba suka yi. Ni wata biyar ina rubutu da dare, in wuta ta ɗauke in haska da salula. Kowace kalma tawa ce, Turanci ne kaɗai ban iya ba.

Sani: Gaskiyar Yaya Rabi ce. Mu da Faransanci muka yi lakwal. Ɗan Landan ya rubuta da harshen uwarsa ya aika kyauta, mu sai mun biya mai fassara a Yamai tun ba mu san ko za a karɓa ba. Laifin wani ya shafi wani.

Hajiya Mariyama: Ku tsaya. Na taɓa ba na'ura wani sashe na labarina na aljanu. Inda na ce "gatanan gatanan ku" da inda bokan ke kirari, duk ta shafe su. Doguwa, aljanar da kowa ya sani, ta mayar da ita mace mai tsawo kawai. Rabi, in edita ya karanta haka, labarinki ya karanta ko nata? Kuma ta yaya zai rarrabe wanda aka fassara da wanda aka ƙirƙira?

Sani: Hajiya, sai a aika har da asalin Hausar a matsayin shaida.

Mushe Idi: Wa zai karanta musu? Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, da Hausa, don masu jin Hausa. Yau ina mujallarmu da za ta biya Rabi ko jika biyar?

Rabi: Babu, Mushe, shi ya sa nake duban waje. Ban janye maganata ba.

Hajiya Mariyama: Turo mini shafi uku na farko. Ƙanena na koyar da Turanci a Yamai, ranar Juma'a zan nuna masa.