Musayar waƙa: ƙwayar rawa da barci

Ɗan Bagalam:
Akwai wata ƙwaya can Turai, ekstasi, ta 'yan rawa,
Awa uku har shida jiki ya ɗau zafi, ba gajiyawa,
Gari ya waye, an kwanta, ido ya ƙi rufewa,
Haƙora na cizon juna, zuciya na ta bugawa.

Bagobirar Tibiri:
Bakatsine, wa ya aike ka Turai neman zance?
Kai da shayin fada ya hana ka kwana tun maraice,
Ga tiramol a ƙofar gidanku, ka tsallake ka wuce,
Ka je gidan rawar nasara, ka dawo a ɗimauce.

Na-Mokoyo: Kai! Tibiri ta ci wannan, ba gardama.

Ɗan Bagalam:
Bagobira, zanen fuskarki ya fi karatunki yawa,
Kamfanin Merck ya haɗa ekstasi 1912, can wajen Jamusawa,
Tiramol ɗin naki ma Jamus aka fara sayarwa,
1977. Ƙasa guda suka fito, sai ki bar cika baki da tsiwa.

Majo:
Ku tsaya. Sinadarin serotonin ekstasi ke kwasowa gaba ɗaya,
Rumbun ƙwaƙwalwa ta zazzage shi a dare ɗaya,
Da shi jiki ke yin melatonin mai kiran barci, 'ya'ya,
Barcin mafarki ya ragu, a yi ta juyi kan shimfiɗa,
Wanda ya sha Asabar, Talata ƙunci ya danne shi da wuya.

Malam Mai Ƙafa: Majo, Allah ya ƙara basira, amma "ɗaya" da "ɗaya" maimaici ne, ba amsa-amo ba. "Shimfiɗa" kuwa ta saki layi. Kai ma Ɗan Bagalam, ɗangonka na ƙarshe ya yi jela.

Na-Mokoyo: Malam, ai shekara ya cusa ciki. Wa ya taɓa rera 1977?

Majo: Ni allura na iya, ba kari ba. A gyara ƙafar, a bar mini maganar.

Bagobirar Tibiri:
Na dawo daga aiki, na tarar an yi mini gori,
Malam, auna nawa, ko ɗango guda bai yi ƙari,
Bakatsine, ƙarfe uku ka turo naka, na dare,
Mi ka sha?

Malam Mai Ƙafa: "Dare" da "gori" ba su haɗu ba, Hajiya. Kuma ina sauran ɗangon?

Ɗan Bagalam: Shayi ne, na uku ma. Malam, ci gaba da aunawa, kada ka raga mata.