Shawarar masu haɗa kyamarori da allunan bidiyo a Katsina

Da masu wannan sana'a suka tattauna a Katsina, sun tsayar cewa a raba hanyar umarni da ta bidiyo. Manhajar tsakiya, wadda ke sarrafa kyamarorin, ta ba da umarni ta ONVIF, wato ƙa'idar da kyamarori da manhajoji na kamfanoni daban-daban ke fahimtar juna da ita, hoton kuwa ya taho ta RTSP, wato ƙa'idar tura bidiyo a kan hanyar sadarwa, ta ƙofa ta 554 (lambar mashigar da RTSP ke bi a na'ura), kai tsaye zuwa allo. In komai ya bi ta kwamfuta ɗaya, ranar da ta tsaya hoto ya ɗauke ko'ina.

Batun wuta ne ya fi cin lokaci, kuma da gaskiyarsu. In an ɗauke an dawo, na'ura takan samu sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a kan hanyar sadarwa, manhaja ta neme ta ta rasa. A ba kowace na'ura adireshi na dindindin, a kuma tsara manhajar ta riƙa sake haɗuwa da kanta.