Allurar biyoterapi ga masu amosanin gaɓɓai: abin da muka gani a Damagaram

Wata 'yar'uwa daga Birni:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina shan methotrexate, maganin amosanin gaɓɓai, sau ɗaya a mako, amma har yanzu yatsuna suna wayar gari a sanƙare, har ɗaurin kallabi yakan gagare ni. Likita ya ce lokaci ya yi da za a ƙara mini adalimumab, allurar biyoterapi, wato maganin da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai, da ake yi a ƙarƙashin fata duk mako biyu. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka tarar.

Wani malamin makaranta daga Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ni etanercept, wata allurar mai aiki irin na adalimumab, nake yi kowane mako, kuma a hankali kumburin ya saɓe, na koma riƙe alli, ina zaman tahiya ba tare da kujera ba. Sai dai kada a fara miki kafin a ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B, domin maganin yana danne wani sinadarin garkuwar jiki mai suna TNF, wanda shi ke hura kumburin, shi ne kuma ke tsare ƙwayar tarin da ta kwanta a jiki don kada ta farka.

Wata uwa daga Mirriya:
Yaya, ni ajiyar maganin ce ta fi ba ni wuya. Yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, idan kuma ya daskare ya lalace. Daga Yamai ake aiko mini da shi cikin kula, tafiyar kusan kilomita 900. Wata bazara wuta ta ɗauke, zafi ya haura digiri 40, na buɗe firigo na iske kwalin da ɗumi, mai farmasi ya ce kada in yi amfani da shi. Na yi kuka sosai, domin kuɗin nan dangi ne suka haɗa mini. Yanzu a firigon maƙwabcinmu mai aiki da sola nake ajiyewa, a tsakiya, nesa da ƙanƙara.

Wani dattijo daga Sabon Gari:
'Yata, duk ranar da zazzaɓi ya kama ki, ko da kina zaton na cizon sauro ne, ki dakatar da allurar sai likita ya duba ki. Ni ma rigakafin shawara likitana ya hana ni, saboda ƙwayar cikinsa rayayya ce. Ki tambaye shi kuma ko akwai biyosimila, wato kwatankwacin maganin daga wani kamfani, don ya fi sauƙin kuɗi.

'Yar'uwa daga Birni:
Na gode, Baba, Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da gwajin. Malam, kai ka daina methotrexate ne, ko kana haɗa su?