Jirgin safe daga Kano zuwa Abuja, anya zan riski ƙarfe 10?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. An kira ni ganawar neman aiki a Abuja ranar Talata ƙarfe 10 na safe. Maigida ya ce ba zan kwana a can ba, saboda 'yar uwarsa da ke Kubwa tun bikin ƙaninsu ba ma ga-maciji, kuma ita ce ta fara, ni ban ce mata komai ba. Na ga akwai jirgi ƙarfe 7 daga filin Malam Aminu Kano. Minti nawa ne a sama? Zan isa kuwa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ɗan hanyar nan ne. A sama tsakanin Kano da Abuja kilomita 360 ne da 'yan kai, bai cika awa ɗaya ba kin sauka. Amma filin Nnamdi Azikiwe ba a cikin gari yake ba, kusan kilomita 40 ne, ga cunkoson Lugbe da safe. Ki tafi ranar Litinin, magana ta ƙare.

Ummu Sadiq: Ni dai jirgin 7 na taɓa saya, sai bayan azahar muka tashi, ko ruwa ba su ba mu ba. Har yau ina jin haushin abin.

Maman Ilham: Baban Khalifa, ai na ce Litinin ba za ta yiwu ba. Wa zai riƙe min yara?

Ɗan Rigasa: Aunty, ki shigo Kaduna ki hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ya fi araha.

Baban Khalifa: Haba malam! Daga Kano zuwa Kaduna ma fiye da kilomita 200 ne a mota, da asuba za ta bi hanyar Zariya ita kaɗai? Kuma Hajiya ba ki faɗi a wane wata ne ba. In lokacin hunturu ne, hazo kan hana jirgi sauka a Kano, wanda zai ɗauke ki ma sai ya iso tukuna. Sannan wace unguwa ce ganawar?

Hajiya Babba: 'Yata, ki ba 'yar uwar mijinki haƙuri ki kwana gidanta. Ni da facalata shekara da shekaru muna haka, da rashin lafiya ta zo ita ta yi jinyata.

Maman Ilham: Mama, ba ki san ta ba ne. Kuma na riga na biya kuɗin tikitin tun jiya, tambayata kawai ko zan isa.

Baban Khalifa: To shawarar me kike nema kuma?

Ummu Sadiq: Wanda ake mayar da kuɗi kika saya ko? Ni nawa har yanzu shiru.