Tayar da injin ban ruwa da kashe shi: abin da manoman albasa suka tattauna

Jiya da la'asar, a gindin dalbejiya a bakin Mayo Tsanaga kusa da Marwa, hira ta koma kan injin ban ruwa. Baki ya zo ɗaya cewa kafin a taɓa igiyar tayar da inji a duba baƙin mai, a cika cikin famfo da ruwa, domin in ya yi gudu a bushe robar ciki ƙonewa take. Sai a buɗe makunnin fetur, a rufe cok (abin da ke rage iskar da ke shiga inji), a ja igiya sannu har ta yi tauri, sannan a fizga. Kada a naɗe ta a hannu. Wani dattijo ya nuna mana yatsansa da ya karkace tun ranar da inji ya mayar masa da ita. Da inji ya kama, a buɗe cok.

Kan kashewa aka yi gardama. Matasa sun ce a danna makunnin kashe inji kawai. Ni ina bayan masu cewa a rage wuta, a bar shi minti 2 ya huce, sannan a kashe a rufe fetur. Zuwa-zuwa kuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba, a tace shi da ƙyalle, kuma kada a zuba inji na da zafi.